Dabinon Malam Mutari

Jos, 9 ga Fabrairu

Zuwa ga Yaya Suma'ila,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da matarka Kaltuma da yara. Yaya ƙafar tata? Mu nan sai godiya, in ban da gwiwa da take yi mini tsiya duk lokacin da sanyin Jos ya sauko. 'Yata Jummai tana gaishe ku. Cikinta ya shiga wata shida, a sa ta cikin addu'a.

Dabinon bara ya iso tuni ta hannun Alhaji Rashid mai motar dankali, da rubutunka na tsohon malamin makaranta a jikin ƙunshin kamar kullum: "Daga dabinon Malam Mutari." Allah ya saka da alheri. Shekara talatin da ɗaya ke nan da rasuwar Baba kana riƙe da garkarsa, lambun nan nasa na Gidimuni, kuma ƙunshin nan bai taɓa yin fashi ba. Kakarka da kakana ne kawai suka fito ciki ɗaya, amma ka yi mini abin da na kusa ba su yi ba.

Na san in na kira ka a waya "iye? iye?" za mu yi ta yi har caji ya ƙare, shi ya sa na ɗauki biro. Ga maganar. Akwai wata mai girki a talabijin, Hajiya Lubabatu, da nake kallo duk Asabar. 'Yar Gidimuni ce, ba ta kuma gajiya da faɗa. Kwanan baya ta koma gida da masu ɗaukar hotonta, mako uku tana zagayawa da mu: lungunan Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, manyan duwatsun nan na tsakiyar gari, mai kilishin da take saye a wurinsa a kasuwar Dole, lambunan Mirya, sannan bakin tafkin Gidimuni inda ta yi dambun zogale da soyayyen kifi. Na rubuta wuraren ɗaya bayan ɗaya a takarda, ina so in bi sawunta in gan su da idona.

Ni kaɗai zan zo. Kada ka fara cewa a haɗa ni da wani, ni ba buhun gero ba ce. Abin da nake nema a wurinka kaɗan ne: tabarmar kwana biyu a ɗakin Kaltuma, da bayanin takardun da ake tambaya a kan iyaka yanzu, da kuma ranar da aka fi samun motar Gidimuni. Can ma ba sai ka raka ni ba, na san hanyar garkar ubana.

Taubashiyarka,
Ramatu

Damagaram, 25 ga Fabrairu

Hajiya Ramatu,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same mu lafiya. Ƙafar Kaltuma da sauƙi, tana takawa har bakin ƙofa. Allah ya sauki Jummai lafiya.

Na karanta wasiƙarki sau uku, na cire tabarau na goge na sake karantawa. Ke Ramatu, da wa kike wannan wasa? Shekara talatin da ɗaya ba ki tako ƙasar nan ba. Mun aurar da 'ya'ya huɗu, kika aiko da atamfa. Innata ta rasu, kika aiko da gaisuwa a baki. Yau kuma mai tuya kifi a tele ce za ta ɗago ki tun daga Jos da gwiwa mai ciwo? Ruwa ba ya tsami banza. In akwai magana ki fito da ita fili, mun wuce shekarun ɓoye-ɓoye.

Amma tun da kin tambaya, ga amsa. Ki riƙo katinki na ɗan ƙasa da takardar rigakafi, 'yan duwan, kwastan ɗinmu ke nan, da jandarma sukan tambaya. Sai dai ban ba ki shawarar tasowa yanzu ba. Zafi yana shigowa, kin kuwa manta irin zafin Damagaram, ke da kika saba da rigar sanyi. Birni da duwatsu da kilishi duk suna nan, ba inda za su. In kin zo zan sa ki gaba mu zagaya, ki ci kilishi har haƙori ya yi ciwo.

Gidimuni ce ban ga dalili ba. Motocin can tarkace ne, a cusa mutum da awaki da buhunan rake. Abin da tele take nunawa kuma ba shi ne gari ba, su sun san inda suke juya na'urarsu. Ba Gidimunin da kika sani ba ce, babu abin da za ki gani can sai ɓacin rai. Garka tana hannun da ya dace, ki kwantar da hankalinki. Dabinon bana ya kusa nuna, in an sauke zan aiko miki har da ƙari a kan na bara.

Kuma mace mai shekarunki ta kama hanya ita kaɗai ta sauka ƙauye, alhali tana da ɗan'uwa a birni, me kike so mutane su ce da ni?

Naki,
Suma'ila

Jos, 8 ga Maris

Yaya Suma'ila,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, gwiwa ma ta ji an ambace ta a wasiƙa ta yi shiru.

To, malam mai goge tabarau, ni ma na goge nawa. "Garka tana hannun da ya dace." Hannun wa ke nan? Ni dai hannu ɗaya na sani, wanda dattawa suka damƙa wa ita ranar addu'ar bakwai ɗin Baba, ina zaune ina ji. In ta koma wani hannun, yaushe, kuma da yawun wa? Sannan ka ce babu abin da zan gani sai ɓacin rai. Ikon Allah! Mutum zai je ya tsaya a inuwar itacen da ubansa ya dasa, ina ɓacin rai a nan?

Kilishi ka ce in ci har haƙori ya yi ciwo, Birni ka ce za ka sa ni gaba, ko'ina ka buɗe mini ƙofa sai wuri ɗaya. Ni ba yarinya ba ce, Yaya. Tun ina goye na san in aka ce wa yaro kada ya leƙa ɗaki, to akwai abin da aka ajiye a ciki.

Gorin rashin zuwa kuwa na karɓa, gaskiyarka ce. Mijina marigayi Malam Zakariya'u ba mai son tafiya ba ne, bayan rasuwarsa kuma jikoki suka ɗaure ni. Amma wannan ba amsar tambayata ba ce.

Ga abu mai sauƙi. Ka je garka, ka tsaya a gindin dabinon Baba, ka sa a ɗauke ka hoto ka turo wa Jummai a waya. In na gani, wataƙila ma in haƙura da Gidimunin in tsaya a kilishi.

Ramatu

Damagaram, 2 ga Afrilu

Hajiya Ramatu,

Gaisuwa da fatan alheri. Ki yi haƙuri da jinkiri, Alhaji Rashid ya yi mako biyu motarsa tana gareji. Muna lafiya.

Ashe har mun kai inda sai na kawo shaidar hoto kafin ki yarda da ni? Wayata irin ta tsofaffi ce, ba ta ɗaukar komai sai ƙura. Ban sayar da ko taki ɗaya na garkar Malam ba, wallahi tallahi. Hannun da na ce kuwa nawa nake nufi, ke ce kika karanta da zargi a ido.

Tun da zargi ake yi, ni ma ga nawa. Na je Gidimuni ranar kasuwa, na haɗu da Ɗanƙarami, wanda garkarsa take maƙwabtaka da taku. Ya ce mini mutanen tele sun kafa kayansu har gefen garkarku, kuma ita Hajiya Lubabatun ta tambayi ko ta wace ce, wai tana sha'awar wurin da za ta gina masaukin baƙi a bakin ruwa. Sai na ce, af, biri ya yi kama da mutum! Ga mai neman fili, ga mai fili ta tashi zuwa ita kaɗai, ba ta son rakiya, ba ta son ni in je. Kun riga kun yi magana ne? In sayarwa za ki yi, gadonki ne, ba mai hana ki. Amma a ce ni da na yi shekara talatin ina ban ruwa a wurin, sai dai in ji a bakin Ɗanƙarami? Wannan ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye miki ba.

Ki faɗa mini gaskiya kafin ki sa ƙafa a mota.

Suma'ila

Jos, 11 ga Afrilu

Suma'ila,

Lafiya muke. Yau gaisuwar ke nan.

Ban san Hajiya Lubabatu ba sai a gilashin talabijin, ba ta san ma ina duniya ba. Ban taɓa tunanin sayar da garkar Baba ba, kuma ka sani. Ka rantse mini a kan ƙasa, na yarda. Amma ni hoton itace na tambaye ka, shi kuwa ka tsallake shi kamar kashin kaza a tsakar gida.

Gaskiya kake so, to ga ta. A shiri na uku, da ta zo yin dambun a bakin tafki, a kan wani kututturen dabino ta zauna, wanda ya faɗi, kansa cikin ruwa. Da ta gama juya kifi sai ta miƙa hannu ta rataye matsaminta a jikin wani zoben ƙarfe da yake kafe a kututturen. A saman zoben akwai karyayyen ruwan gatari. Suma'ila, ina da shekara tara na riƙe wa Baba zoben nan yana buga shi don ɗaure jaki. Ruwan gatarin kuwa shi ne matakinsa na farko in zai hau. Na sa Jummai ta nemo mini shirin a waya, na kalla ya fi sau ashirin. Itacen ya bushe ya yi fari, ciyawa ta rufe rabinsa. Wannan ba faɗuwar bana ba ce, ba ta bara ba ce.

Ban faɗa maka tun farko ba don ina so ka faɗa da bakinka. Na ba ka ƙofa sau biyu, ka ƙi shiga.

Ka san abin da nake yi da dabinon nan? Ba ci nake yi in lashe hannu ba. Kowane jika aka haifa mini, ni nake tauna ƙwaya ɗaya in shafa masa a ganɗa kafin ya sha nono, ina cewa ga na kakanku Mutari, abin da ya fara shiga bakinku daga ƙasarku ya fito. Uku daga cikinsu an haife su a shekarun nan na baya. Na huɗu yana hanya, saura 'yan makonni.

To ka faɗa mini, dabinon wa na sa a bakin jikokina? Na kasuwar Dole?

Ramatu

Damagaram, 23 ga Afrilu

Ƙanwata Ramatu,

Assalamu alaikum. Muna lafiya a jiki. Kwana huɗu takardarki tana aljihuna, sai da Kaltuma ta ce in ban rubuta ba ita za ta sa a rubuta.

Abin da kika gani gaskiya ne. Dabinon Malam ya faɗi shekara takwas da suka wuce, da damina, shekarar da tafki ya cika ya shiga garake. Iska ta zo da la'asar ta kwantar da shi. A makon ne aka aiko mana da rasuwar Malam Zakariya'u. Na ɗauki biro in yi miki ta'aziyya, na kasa haɗa mutuwa biyu a takarda ɗaya. Na ce sai kin fita takaba. Kika fita, na ce sai baɗi. Daga nan kunya ta riƙe mini hannu.

Amma in na tsaya a nan na sake yi miki ƙarya, don ba tausayinki kaɗai ya rufe mini baki ba.

Ina saurayi na taɓa roƙon Malam ya ba ni 'ya ɗaya daga cikin masu fitowa a gindin itacen in dasa. Kin san duk Gidimuni babu mai zaƙinsa, kin kuma san ƙwallo ba ya fid da irin uwarsa, sai 'yar gindi. A gaban mutane ya ce mini, "Wannan na 'ya'yan cikina ne, ba na raba shi da dangin rakiya." Haka ya riƙa sare su yana ƙonewa don kada a ɗauka. Maganar nan ta zauna mini a ƙirji har na yi furfura.

Shekara biyar kafin ya faɗi, itacen ya fid da 'ya ɗaya tak, ta tsufa, ta ɓangaren ruwa. Ban tambaye ki ba. Na san wasiyyar mai shi, na kuma san amana ce a hannuna. Na haƙa, na sare ta, na kai garkata da take can sama wajen tudu na dasa. Ramin da na yi mai zurfi ne, na datse saiwoyi da yawa. Ta wannan ɓangaren ya faɗi, Ramatu. Ɗanƙarami ya ce ruwa ne, itatuwa da yawa sun faɗi a shekarar. Ni dai ban sani ba, kuma ba ranar da ba na tambayar kaina.

'Yar ta fara haihuwa a shekarar da uwar ta kwanta. Ita nake sauke miki. Ban taɓa sayen ko ƙwaya ɗaya a kasuwa na sa a ƙunshinki ba, shi ya sa bakinki bai ji bambanci ba. Abin da kika shafa wa jikokinki jinin itacen Malam ne, amma a ƙasata ya tsaya, kuma ta hanyar sata ya je can.

Garkarku tana nan, rabi a ruwa, rabi na sa rogo. Zancen sayarwa da na jefe ki da shi, tsoro ne ya sa, ki yafe wannan tukuna in sauran ya yi nauyi. In kin ce in sare tawa, zan sare. In kin ce a karɓi amanar a ba wani, ba zan yi musu ba. An sauke na bana, yana ɗaki a ƙulle cikin buhu, ban san ko in aiko ba.

Ɗan'uwanki mai laifi,
Suma'ila

Jos, 4 ga Mayu

Yaya Suma'ila,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Jummai ta yi nauyi sosai, ungozoma ta ce ko yau ko gobe. Ka gaishe mini da Kaltuma, ka ce na gode, ita ce namijin gidan.

Na yi kuka, na yi fushi, na yi kwana biyu ban kunna talabijin ba. Satar ba ta ba ni haushi kamar shirun ba. Shekara takwas ka bar ni ina yi wa itace addu'ar tsawon rai alhali yana kwance kifi na wasa a kansa. Wannan sai mun zauna ido da ido, kuma ka shirya kunnenka mai jin, don ba zan rage maka komai ba.

Maganar da Baba ya faɗa maka kuwa, ban taɓa ji ba sai yau, amma na san harshensa, Allah ya gafarta masa. Na zauna na lissafa: da ka bi wasiyyarsa, da yau babu ko ƙwallo. 'Ya'yan cikin nasa da ya tara wa, ɗaya tana Jos ko ban ruwa ba ta taɓa yi ba, sauran suna ƙarƙashin ƙasa. Ko raminka ne ya kayar da shi ko ruwa, Allah kaɗai ya sani, ni ba zan yanke ba. In ka kuskura ka kai gatari jikin 'yar nan, ni da kai har Lahira.

Tafiya tana nan, in an yi suna ruwa ya sauka. Takardar wuraren Hajiya Lubabatu ma tana nan, kilishin da ka yi alkawari ban manta ba. Bakin tafki ni kaɗai zan je, kamar yadda na faɗa tun farko. Zan zauna inda Hajiyar ta zauna, in yi wa itacen bankwanan da ya kamata in yi tun shekara takwas, in ciro zoben Baba in taho da shi. Bayan na dawo sai ka sa ni gaba ka kai ni tudu in ga satacciyar taka.

Yanzu dai ka buɗe buhun nan. Alhaji Rashid zai taso ranar Laraba, kada ya taho hannu biyu, jariri ba ya jiran kowa. Abu ɗaya ne sharaɗina. Kada ka sake rubuta sunan Baba a jikin ƙunshin. Ka rubuta "Daga dabinon Suma'ila." Da wannan sunan zan shafa wa yaron a baki.

Taubashiyarka,
Ramatu